Shingen Bini-da-zugu

Shingen bini-da-zugu ne kawai ya raba shagon ɗinkin Malam Uzairu da gidan Natana'el a Daɗin Kowa. Duk sanda almakashi ya yanki Uzairu, sai ya fito ya tsinki ganye, ya ɗiga ruwan nan mai danƙo a kan ciwon, kuma bai taɓa yi masa mugunya ba. Angela, 'yar Natana'el da ke jami'a, ta ce sun gwada ruwan, yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Bayan rikicin da aka yi a gari, kowa ya shiga gina katanga. Natana'el ma ya sare shingen ya jera bulo. Daga nan gaisuwar safe tsakaninsa da Uzairu ta mutu.

Wata Talata almakashi ya kama Uzairu a babban yatsa. Ya fito kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu, sai ya taɓa siminti. Ya ja dogon tsaki.

"Malam Uzairu, yanka ne kuma?" in ji Natana'el daga bayan katanga.

"Ina ruwanka? Ai ka sare maganin."

"Na bar guda ɗaya a tsakar gida."

"To, jefo mini ganye."

"Kafin ya iso ruwan ya tsiyaye. Zagayo ta ƙofa mana."

Duk shekarun da suka yi suna maƙwabtaka, Uzairu bai taɓa buƙatar ƙofar gidan nan ba. Ya damƙe yatsan, ya zagaya, ya yi sallama.