Sau Tara Ta Danna

Tun ƙarfe tara na safe injin gwaji yake nuna wa Injiniya ja, ita kuwa ranta ya gama ɓaci. Manaja ya faɗa mata ƙarara: in azahar ta yi manhajar asibitin nan ba ta fita ba, zai karɓe aikin ya mayar wa abokin aikinta Dogo. Wata uku ta yi tana neman a ba ta wannan aiki.

Shi injin gwaji ba ya jin lallashi. Duk wanda ya tura gyara, sai ya bi manhajar mataki-mataki yana gwadawa. In komai lafiya ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja. Abubuwan sirri kuwa, irin su makullin aika saƙon tes, ba a rubuta su cikin manhajar. Akwatin saiti ake zuba masa su a gefe, kowanne da sunansa, yana ɗauka yana aiki. A ƙa'ida akwati biyu ne: na gwaji mai makullan bogi, da na gaske da ba a taɓawa sai ranar fitarwa.

Injin yakan wuce mataki shida sumul, ya zo na bakwai ya faɗi. Ta tambayi Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai a kwamfutarsa lafiya lau take tafiya. Wannan magana ita ce maganinsa na kowace cuta a ofishin nan, har ta fanka in ta tsaya. Injiniya ta yi tsaki, ta danna a sake gwaji. Ja. Ta sake dannawa. Haushi ya hana ta karanta bayanin da injin ke fitarwa, sai dannawa take kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa.

Sai a karo na tara ta haƙura ta buɗe akwatin saitin. Nan take ta ga matsalar: saitin da ke nuna wa injin inda zai ajiye rahoto babu shi kwata-kwata, yana kwamfutar Dogo kawai. Ta saka shi. Tana shirin rufewa idonta ya faɗa kan makullin saƙon tes. Na gaske ne. Adireshin jerin marasa lafiya ma na gaske ne.

Dogo ya sosa ƙeya, ya ce shi ya saka su makon jiya na ɗan lokaci, don na bogin sun ƙi aiki, ya so ya cire ya manta. Mataki na huɗu, wanda injin ya wuce lafiya har sau tara, shi ne na aika saƙon tunatarwa.

Ba ta gama zare makullin ba wayarta ta yi ƙara. Gwaggonta ce, wadda ke zuwa asibitin nan awon hawan jini.

“'Yar nan, ke da kika san harkar waya,” in ji Gwaggo, “saƙo tara aka turo mini wai likita na jirana yau. Na ce to abin ya yi tsanani, ko karyawa ban yi ba na fito. Ga mu nan mun fi arba'in a baranda, wata ma a keken guragu aka kawo ta. Likitan kuma an ce yau ba ranarsa ba ce.”

Injiniya ta ce mata ta samu wuri ta zauna, tana zuwa. Kunya da takaici suka rufe ta. Kafin ta ajiye wayar ta ƙarasa zare makullin, injin ya sake gwaji da kansa, ya kammala, allon ya yi kore shar, saura minti ashirin azahar.

Dogo ya ce ta tura kawai, sauran magana a yi ta daga baya. Ba ta ko kalle shi ba. Ta dakatar da fitarwar da hannunta, ta ɗauki jakarta, ta leƙa ofishin Manaja.

“Ranka ya daɗe, ba wa Dogo aikin,” ta ce. “Ni asibiti za ni. Akwai mutum arba'in da zan ba haƙuri.”