Jak ɗin da Baffa Mahadi Ya Ara

Shekara uku Uzair ya yi yana neman ƙarfe guda ɗaya, har mutanen unguwarsu ta Hindawiyya suka fara tausaya wa matarsa. Yana da wata tsohuwar motar Ingila mai kujera biyu, marar rufi, wadda ya farfaɗo da ita da hannunsa. Masu baje kolin tsofaffin motoci a Jidda sun ce ba za su karɓe ta ba sai da kayan aikin da ta fito da su daga kamfani. Sifanoni yana da su, da gudumar kwance taya mai kan tagulla. Jak na ɗaga mota ne ya gagara.

An kawo masa ya fi goma, yana mayarwa. Zai kifa jak, ya shafa lambar da yatsa: ta asali tare da ƙarfen aka zuba ta, ta jabu daga baya ake bugawa. Fenti in ya cika ƙyalli, ƙarya ne. A ƙarshe ya samu na gaske wurin wani tsoho a Ɗa'ifa, jak ɗin baƙi, duk ya koɗe, mummuna kamar tsohon murhu. Uzair har ƙwalla ya yi.

Saura kwana biyar baje koli, ya dawo daga sallar Azahar ya tarar babu jak.

"Baffa Mahadi ne ya ara," in ji matarsa Kabira. "Tasinsa ta yi faci a Aziziyya, ga masu Umara a ciki. In hana baƙin Allah?"

Uzair ya dafe kai. Jak uku ne a gidan, amma wannan hannunta ya kai!

Baffa Mahadi ƙanen mahaifinsa ne, mutumin da waya ba ta dame shi ba. Kwana biyu Uzair yana kira, shiru. Rana ta uku sai ga Baffa da maƙwabta biyu, suna ta nishi da wani ƙaton kwali.

"Ya waladi, buɗe ka gani," in ji Baffa. "Ni ban taɓa mayar da aro yadda na karɓe shi ba. Haka ubanka ya koya mini."

Jak ne sabo ful, ja wur, irin mai ɗaga bas.

"Baffa, ina tsohon?"

"Wannan gwangwanin? Khalas, an gama, na jefa wa masu sayen ƙarfe, tun shekaranjiya motarsu ta wuce. Wallahi kunya na ji, a ce ɗana da wannan yake aiki."

Maƙwabta suka hau masha Allah. Baffa ya gyara tsayuwa, fuska cike da murna, yana jira. Don takaici, Uzair ji yake kamar ya kurma ihu a ji shi har Arfa. Motarsa ba za ta je Jidda ba, kuma babu wanda zai kai wa ƙara.

Ya matsa ya sumbaci kan Baffa.

"Allah ya saka da alheri, Baffa."

"Ba komai," in ji Baffa. "Sifanonin nan naka ma na gansu, duk sun tsufa. Ka bar mini."