Lasifika a Goshin Kaluman

Bayan an ci abincin dare wani irin kuka ya tashi daga ɗakin ƙasa, shi ba algaita ba, shi ba mage ba. Tsoho Kaluman ya yi wuf ya dafe hannun 'yarsa Junu a kan fiyanonta na lantarki.

"Ke! Duk muryoyin da ke cikin akwatin nan, sai ta algaita kika zaɓo?"

Tsoronsa da dalili. Su Damai ne, zuriyar mabusa, waɗanda ake gayyata su yi busa a biki amma ba a shan ruwan da suka taɓa. A Kathmandu ba mai ba su haya. Da sunan aro suka samu wannan ɗaki.

Sai ga Tulasa mai gidan ta turo ƙofa. Kaluman ya janye hannunsa daga kan fiyanon.

"Au, ashe inji ne!" ta ce tana dariya. "'Yar nan, ke za ki yi mana kiɗa a bikin ɗana. Na huta da ɗauko ƙazaman mabusan nan."

*

A Patan ake bikin, ƙetaren kogi. Masu tasi suka dubi lasifikar fiyanon, mai girman ɗan maraƙi, kowa ya ja motarsa. Kwandastan bas kuwa cewa ya yi, "Tsoho, ba ma ɗaukar gawa!"

"Gawar da za ta tayar da kakarka rawa," in ji Kaluman.

Ya zaro tsohuwar igiyar dako, ya ɗaure lasifika a gadon baya, ya saƙala igiyar a goshi. Junu ta goya fiyano kamar jariri, ta naɗe wayoyi a wuya. Haka suka kutsa tsakanin babura, suka zagaye wata saniya da ta kwanta tsakiyar titi. A kan gada iska ta shiga ramin lasifikar, ta riƙa yi masa gunaguni a ƙashin baya.

"Junu, kin ji? Ta ƙagu, har ta fara waƙa."

"Baba, dubi gabanka dai."

Dariya yake, gumi na zuba. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa a bakin ƙofar mutane, yau 'yarsa za ta zauna a tsakar gida, a kan kujera.

*

Junu ta kuwa girgiza wurin. Tsofaffi suka jefar da sanduna, Tulasa ta yi rawa har gyalenta ya faɗi. Da aka zo cin abinci ta ja Kaluman da hannunta, ta zaunar da shi cikin dangin ango. Shinkafa, miyar wake, naman akuya. Bai taɓa ci kafaɗa da kafaɗa da irin waɗannan mutane ba. Ya ci yana murmushi, kansa cike da kiɗan 'yarsa.

Da ya gama, hannayensa suka yi abin da suka saba tun yana yaro, abin da kowane ɗan Damai ke yi a gidan mutane. Ya ɗauki faranti da kofi, ya wuce masu kwashe kwanuka, ya tsuguna a famfon waje ya wanke su tas, ya kife su can gefe, nesa da na jama'a.

Yana ɗagowa ya haɗa ido da kawun ango, wani dattijo da ya zo daga ƙauye. Dattijon ya dubi farantin, ya dubi Kaluman.

"Tulasa," ya kira a hankali, "wa ya ce miki wannan ya ci da mu?"

A ciki, fiyano na ta kiɗa.

*

Da safe Tulasa ba ta sauko ba. Ɗanta ta aiko ya karɓi mabuɗi, ita kuma ta tsaya a bene tana yayyafa wa matakala ruwan tsarki.

Kaluman ya sake saƙala igiya a goshi. Wannan karon katifa da tukunya na ɗaure a kan lasifikar. Junu ta goya fiyano, idanunta a ƙasa.

Mangal mai shayi, maƙwabcinsu, ya leƙo da fara'a, buta a hannu.

"Kai, kasuwa ta buɗe! Yau kuma gidan wa za a je a yi kiɗa?"