Kabewa, Jirgin Koyon Ejnar

Ranar da jirgin Ejnar ya faɗo kan rufin rumfar kulob, babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi komai ci masa rai. A filin nan na bayan garin Lemvig, inda masu tuƙa ƙananan jirage da rimot ke haɗuwa duk Asabar, al'ada ce duk wanda ya kwafsa a yi masa ihu, a ɗora masa kawo kek mako mai zuwa. Ejnar ya ci kek ɗin mutane fiye da kowa, don kusan duk 'yan kulob ɗin shi ya koya musu tuƙi. Amma da nasa ya faɗo, dab da teburin da ake zuba kofi, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wani ma har da taya shi tsintar ɓaraguzai yana ba shi haƙuri kamar an yi rasuwa.

Idanu ne suka fara cin amanarsa. Ya daɗe da ba wa saba'in baya, hannunsa kuwa ko rawa ba ya yi, sai dai in jirgi ya yi nisa ba ya iya bambance ko zuwa yake ko tafiya. Kulob ya yanke cewa ba zai ƙara tuƙi shi kaɗai ba, sai da wayar koyo. Rimot biyu ake haɗawa da waya, malami ya riƙe ɗaya, yatsansa danne da wani maɓalli. Muddin yana danne da shi, jirgin na hannun ɗalibi. Da ya ga za a yi ɓarna sai ya saki maɓallin ya ce, "Na karɓa," jirgin ya dawo hannunsa. Ejnar bai yi musu ba, ya ce doka ce, shi ma da ita ya koyar.

Bodil, 'yarsa, direbar bas ce, kuma ba ta da labarin komai sai da Preben, shugaban kulob, ya tare ta a tasha yana ta murza hularsa.

"Na gwada riƙe masa wayar, Bodil, na kasa," in ji shi. "Ina kallo jirgin ya karkace, na san lokacin saki ya yi, sai zuciyata ta ce, kai, Ejnar ne fa, wataƙila wani salo zai yi. Kafin in gama shawara jirgi ya shige gonar sha'ir."

"To wani ya riƙe mana."

"Wa? Duk shi ya yaye mu. Kowa na jin nauyinsa. Jiya ya ce a nemi mai son kayan aikinsa, ya haƙura."

Bodil ba ta taɓa ƙaunar jiragen nan ba. Su suka cinye mata Asabar ɗin ƙuruciya, su suka sa gidansu warin gam. Amma da ta shiga ɗakin aikin mahaifinta ta tarar yana jera 'yan zartuna da fensirori a kwali, kowanne ya goge shi kafin ya kwantar, sai ta ji tausayinsa. Ita kuwa in tausayi ya kama ta, faɗa take yi.

"Matsorata ne kawai, daga Preben har sauran! Ƙarti da gemu su tsaya suna kallo jirgi na faɗuwa? Da ni ce, kafin ka ƙifta ido na ƙwace."

Tsohon ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ita ce ta ƙwace masa makullin mota bara, a gaban maƙwabta, ta jefa a jakarta ta yi gaba.

"Na sani," ya ce. "Duk faɗin garin nan ke kaɗai ce ba ki san girmana ba. Tayar da mota."

"Zuwa ina?"

"Za mu zaɓo miki jirgin koyo. Ba za ki ƙwace abin da ba ki iya riƙewa ba."

Shagon yana can wani gari, jirage rataye a silin har ba a ganin fitila. Bodil da ta shigo tana yatsina, sai ga ta tsaye ƙarƙashin wani siririn jirgin yaƙi mai ruwan azurfa, baki buɗe.

"Wannan fa, Baba?"

"Wannan na masu son zuwa gida da buhun ɓaraguzai ne. Zo nan."

Ya kai ta kusurwar da aka jingine jiragen da ba mai ɗaukar hotonsu, masu ƙaton ciki da faffaɗan fiffike. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora fiffiken a kan yatsunsa biyu, ya ɗan ture shi, jirgin ya yi lilo ya dawo daidai.

"Kin gani? Fiffike a sama, nauyi a ƙasa, kamar bokiti a hannu. In kin rikice kika sake shi, da kansa zai miƙe. Ba ya sauri, saboda haka kina da lokacin yin kuskure, kina da lokacin gyarawa. Dubi nan kuma, da robobi aka ɗaure fiffiken. In ya daki ƙasa, roba ce za ta tsinke, ba jirgin ba."

"Amma mummuna ne."

"Bas ɗinki kyakkyawa ce?"

Mai shagon ya matso da wani ƙarami, fari tas, ya ce wannan sabon yayi ne, akwai maɓallin da in an danna jirgin zai daidaita kansa. Ejnar ya juya shi, ya yaba aikin da gaske, sannan ya miƙa masa abinsa.

"Dabara ce mai kyau. Sai dai maɓallin nan bai san inda teburin kofi yake ba. Ka ba mu aron guda uku mu fita da su waje."

Abin da ya biyo baya Bodil ba ta manta da shi ba. Tsohon ya tsaya a ƙofar shago, ya tura ta can ƙarshen filin ajiye motoci, ya ce ta ɗaga kowane jirgi sama ta riƙa juya shi yadda ta ga dama, shi kuma zai faɗi abin da ya gani. Ta ɗaga farin, hancin jirgin na kallon tsohon.

"Tafiya yake!" ya ɗaga murya.

"Zuwa yake, Baba!"

"Ajiye shi."

Ta ɗaga mai ruwan shuɗi, ta kifa shi ciki a sama. Ya ce daidai yake. Ta girgiza kai, ya ce shi ma ta ajiye. Mutane na wucewa da kekunan sayayya suna kallo, mai shagon da ya san sunan Ejnar tun yana yaro ya kau da kai yana gyaran abin da bai lalace ba. Shi kuwa tsohon ko a jikinsa. Ya tsaya ƙyam, hannu a aljihu, yana faɗin kuskurensa da babbar murya a bainar jama'a. Bodil ta yi shekaru tana ce masa mai taurin kai, amma ranar ta ji yana burge ta har cikin rai, ba ta kuma san akwai wannan irin jarumtakar ba sai da ta gani.

Na ukun shi ne mafi girma da muni, samansa ruwan lemo, cikinsa da baƙaƙen layuka masu faɗi. Ta juya shi hagu, ta juya dama, ta kifa, ta mayar, har ta yi masa wayo ta ja da baya zuwa bakin titi. Bai kuskure ko sau ɗaya ba.

"Shi ne," ya ce da ta dawo tana haki. "Ɗalibai biyu zai ɗauka, dole ya yi ƙiba."

'Yan kulob na ganinsa suka raɗa masa Kabewa. Preben ne ya riƙe wa Bodil waya, Ejnar kuma ya tsaya a bayanta yana magana a kunnenta. Ta zo da tunanin wadda ta yi shekara da shekaru tana juya doguwar bas a kan ƙanƙara ba ƙaramin jirgin wasa zai gagare ta ba. Sai ta tarar a bas ciki take zaune, hagunta hagun mota ne. A nan kuwa, da jirgi ya juyo yana fuskantarta, hagu ya zama dama, hannunta ya yi abin da ya saba, Kabewa ya nufi ƙasa.

"Na karɓa," Preben ya ce, ba tare da jin nauyin kowa ba.

"In yana zuwa gare ki, manta da hagu da dama," in ji Ejnar. "Dubi fiffiken da ya yi ƙasa, ki tura sandar rimot ɗin wajensa kamar za ki tokare shi. Sake."

Ta sake, ta kuma sakewa. Duk da wayar, Kabewa ya sha ƙasa wajen sauka, ya sha gam da salatif, robobi suka tsinke ba adadi. Ta kai kek har matar gidan burodi ta daina tambayarta wane iri. Akwai ranar da ta ajiye rimot a ciyawa ta ce ta gaji, ita ba yarinya ba ce da za a riƙa yi mata ihu. Mahaifinta bai lallashe ta ba, ya zuba mata kofi daga filas, ya zauna yana ɗaure fiffiken da lalube, ya kasa samun ƙugiyar da ake maƙala robar. Ta kalle shi jim kaɗan, ta tashi ta karɓa ta ɗaure, ta ɗauki rimot ɗinta.

Sai da aka girbe sha'ir, iska ta fara sanyi, sannan Preben ya cire wayar ya ce ta tashi ita kaɗai. Ta tashi, ta zaga, ta sauka lafiya. Bayan wasu makonni kulob ya yarda ta riƙe wa wani.

Asabar ɗin da za ta fara riƙe wa mahaifinta, filin ya cika, har da waɗanda suka daɗe ba su leƙo ba, kowa yana yi kamar batirinsa yake dubawa. Ejnar ya ciro tsohon rimot ɗinsa, wanda yatsansa ya cinye fentin gefen maɓallin, ya rataya wa Bodil a wuya. Shi kuma ya ɗauki na ɗalibai, mai tsagaggen murfi.

"Kin san aikinki," ya ce a hankali. "Kada ki duba fuskata, jirgi za ki duba."

Ta danne maɓallin. "Naka ne."

Kabewa ya gudu a kan ciyawa ya ɗaga, kuma Bodil ba ta taɓa ganin ya tashi haka ba. A hannunta yakan yi kamar ana jan sa dole, a hannun tsohon kuwa ya miƙe sumul, ya karkata a natse, ya ratsa gabansu ƙasa ƙasa har ana jin iskar fiffikensa. Duk muninsa sai ga shi ya yi kyau. Ta saci kallon yatsun mahaifinta, da ƙyar ake ganin motsinsu.

A zagaye na gaba iska ta tura jirgin can wajen teku, inda gajimare ya yi duhu. Ya ƙanƙance, ya juyo, fiffike ɗaya ya yi ƙasa. Ta ga ya ƙara yin ƙasa maimakon ya ɗago. Nan take ta ji abin da Preben ya ji. Wannan fa shi ne mutumin da ya koya mata tokare fiffike, ga mutane tsaye suna kallo, ga shi yau ne ya dawo. Wataƙila salo ne. Yatsanta ya ƙi ɗaguwa, hancin jirgin ya fara kallon ƙasa, can ƙarƙashinsa kuwa hanyar masu keke ce.

"Na karɓa!"

Ihun da ta yi har shanun maƙwabta sai da suka ɗago. Ta saki maɓallin, ta tokare fiffiken, ta ja hancin sama a hankali. Kabewa ya yi lilo ya miƙe, kamar yadda aka ce zai yi tun a shago. Ta gefen ido ta ga mahaifinta ya ɗaga manyan yatsunsa biyu daga kan sanduna, ya bar su a sama inda kowa zai gani, yadda yake sa sababbin ɗalibai su yi.

"Naki ne," ya ce.

Ta jawo jirgin kusa, har baƙaƙen layukan suka fito sarai.

"Kana ganinsa, Baba?"

"Ina ganinsa."

"Naka ne."

Shi ya kawo shi sauka. Ya jero shi daidai tsakiyar fili, ya rage wuta, tayoyi suka taɓa ciyawa. Sai tayar gaba ta ci karo da wani ɗan tudun ƙasa da bai gani ba, Kabewa ya dungura, robobi suka tsinke, fiffiken ya yi nasa wuri. Filin ya yi tsit. Bodil ta ga kawuna sun fara sunkuyawa, ta ga Preben ya kai hannu ga hularsa, ranta ya ɓaci.

"Kek!" ta kwatsa. "Baba, ka kwafsa! Kek ranar Asabar, kuma ba ɗan ƙarami ba!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, Preben ya biyo, sai ihu ya ɓarke ko'ina. Wani ya ce shi mai kirfa yake so, wani ya ce tun yana saurayi yake jiran kek ɗin tsohon nan. Ejnar ya tsaya a tsakiyarsu yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunayen jiragen da suka farfasa, ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe bai mayar ba.

Da suka taka su biyu zuwa ɗauko fiffiken, ya riƙe gwiwar hannunta saboda ciyawar.

"Kin yi jinkiri," ya ce.

"Na sani."

"Kada ki fara girmama ni yanzu, Bodil. Ke kaɗai gare ni."