Ranar da Magajin Gari Ya Shiga Raga

Sagindik na tsugune yana goge tayar babur ɗinsa na tsere da tsohuwar singileti, sai inuwar wani ƙato ta tare masa haske. Bai ko ɗaga kai ba. Mutum ɗaya ke da irin wannan tumbi a garin: Kuwanish, tsohon mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallo.

"Goge shi da kyau, sarkin hayaƙi," in ji Kuwanish. "Daga yau sai gidan tarihi, kai da shi."

"Kai da ƙwallo bakwai ta bi ta tsakanin ƙafafunka rana ɗaya, har kana da bakin magana?"

"Biyar ce!"

"Alƙalin wasa ne ya ji tausayinka."

Wannan faɗa ya girmi 'ya'yansu. Ma'aikatan kamfanin naman gwangwani ne suka gina filin wasan a zamanin Tarayyar Sobiyet, ciyawar ƙwallo a tsakiya, hanyar tseren babura ta zagaye ta kamar zobe. Tun ranar buɗewa babura suka watsa wa 'yan ƙwallo tsakuwa a ido, su kuma suka rama da sace musu iskar taya. Filin ya sha canza suna, gwargwadon wanda ke kan kujera. Lokacin da albashi ya ɗauke har kasuwar gwanjo ya zama, awaki na kiwo a bakin raga. Gabar ce kawai ba ta taɓa canzawa ba. Masu ƙwallo na zama gabas, masu babur yamma, ko shayinsu ba a buta ɗaya ake dafawa ba.

Yau ake bikin cikar filin shekara sittin, kuma kowa ya san abin da sabon Magajin Gari, Nurjigit, zai sanar: za a tone hanyar babura a shimfiɗa ciyawar roba. Sagindik ya yi kwanaki abinci ba ya wuce masa. A kan hanyar nan ya karya ƙafa, a bakinta ya fara ganin matarsa tana sayar da gurasar nama.

Botagoz, sakatariyar Magajin Gari, ta iso da sauri, takalminta na nutsewa a tsakuwa.

"Baba Sagindik, an canza tsari. Ba kai za ka yi zagayen girmamawa ba. Yallaɓai ne zai hau, a ɗauke shi hoto."

"'Yata, wannan ba babur ɗin zuwa cefane ba ne. Ba shi da..."

"Baba," ta rage murya, "har yanzu bai sa hannu a takardar tone hanyar ba. In ya ji daɗi, wa ya sani?"

Sagindik ya haɗiye sauran maganar. Ya ce a ransa, ai hoto ne kawai, zama zai yi ya sauka.

Magajin Gari ya iso cikin kwat, manyan ma'aikata na biye da shi. Ya ɗora hular kwano, ya haye.

"Ranka ya daɗe," in ji Sagindik, "akwai abu ɗaya..."

"Baba, tun ina yaro nake sukuwa a ƙauyen kakana."

"Mutumin da ke tuƙa gari guda, babur ne zai gagare shi?" in ji mataimakinsa. Aka yi dariyar da ta dace.

Sagindik ya ɗaura wa Yallaɓai wata igiya a wuyan hannu yana cewa in an fizge ta injin zai mutu, amma daidai lokacin masu badujala suka ɓarke da busa. Mai hoto ya ce zai fi kyau in babur na motsi. Kafin Sagindik ya buɗe baki, manyan ma'aikata sun rufu a kan babur suna rige-rigen turawa, kowa na son a ga hannunsa. Injin ya yi tari, ya kama.

Ƙarar ta girgiza rumfuna. Babur ya zabura kamar an tsikare shi, kwat ɗin Yallaɓai na kaɗawa a baya.

"Birki! Ina birki?"

"Babu!" Sagindik ya bi shi yana ɗingishi. "Igiya, ranka ya daɗe! Igiya!"

Babur ya bar hanya ya faɗa ciyawa. Ya ratsa masu badujala, ya goge teburin manyan baƙi, dafaffen kan ragon da aka tanadar wa Yallaɓai ya gangara ƙasa. Kuwanish na tsaye a raga cikin tsohuwar rigarsa, yana jiran bugun fanareti na biki. Ya ware hannuwa bisa sabo, ya dubi abin da ke tahowa, sannan ya yi tsallen da bai taɓa yin irinsa ba a duk shekarunsa na wasa: gefe.

Magajin Gari ya shige raga. Ragar ta naɗe shi, igiyar ta fizgu, injin ya mutu.

Filin ya yi tsit. Sagindik ya tsaya yana tunanin ko a kurkuku ana barin tsoho ya shiga da maganin ciwon ƙafa.

Can daga rumfar gabas wani ya kwarma ihu: "Ta shiga!"

Gabas ta ɗauka, yamma ta amsa. Tun da aka gina filin ba a taɓa jin rumfunan biyu sun yi sowa tare ba. Aka zaro Yallaɓai kamar kifi daga koma, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya saurara, ya ji sunansa ake rerawa. A hankali ya ɗaga hannu.

Da ya kama lasifika bai ko dubi jawabin da Botagoz ta miƙo masa ba.

"Jama'a, da gangan na yi wannan, don in haɗa kan wasanninmu biyu! Hanyar babura tana nan daram!" Yamma ta kaure da tafi. "Amma a matsayina na wanda ya gwada da kansa, na gano wani sakaci da aka shekara sittin ba wanda ya lura da shi. Baburan nan ba su da birki! Daga yau, babur ɗin da ba birki ba zai taka filin nan ba."

Manyan ma'aikata suka tafa har hannuwansu suka yi ja. Yamma ta yi shiru.

Da jama'a suka watse, Sagindik ya kama tura babur, tayar gaba a lanƙwashe tana kuka. Bai yi nisa ba ya ji nauyin ya ragu. Kuwanish ne ya kama ɗaya hannun babur ɗin, ciyawa manne a gashinsa.

"Ko ni da ba na ƙaunarku na san tserenku da birki ba tsere ba ne," in ji Kuwanish. "Yaya za ka yi?"

Sagindik ya dubi babur, ya dubi Kuwanish.

"Tsohon keken nan naka yana nan?"

"Yana nan. Amma birkinsa ya fi shekara goma bai kama ba."

"Shi nake so. Ka ciro mini shi gobe in ɗaura wa babur, ka haɗo da jan fenti, yadda za a hango shi daga kujerar manya."