Shaidar Gervais Mai Igiya

Yaya Perrine, ajiye kwandon nan ki zauna, Toussaint ya fito! Yana ɗaki, ya rungume 'yar da na haifa lokacin da yake tsare a kurkuku, ya hana kowa ɗauka.

Kin dai san an ce shi ya cinna wa rumbun hatsin bakin kogi wuta. Da ta tabbata, sai jiragen ruwan sarki, ya yi ta tuƙi da sarƙa a ƙafa har mutuwa. Mutum ɗaya ne ya ce ya gan shi a wurin, Gervais mai tufkar igiya, maƙwabcinmu da muke gaba da shi kan rijiya. Abin da ya faɗa wa alƙali kuwa a rufe yake, ba wanda ya sani.

To akwai wani tsohon littafin shari'a da aka kawo wa Toussaint ya yi masa bango tun kafin a kama shi. Ina shayarwa ina haɗa baƙi, har na gano: ranar da aka haɗa ka da mai shaida, tun kafin a karanta maganarsa za ka faɗi aibinsa. Da an karanta, bakin alƙalami ya bushe.

Na ruga tagar kurkuku.

"Ka ce mashayi ne! Ka ce maƙiyinka ne! Ka kawo zancen rijiya!"

"To, Colette."

"Ba 'to' nake so ba, maimaita in ji!"

Ranar ta zo, alƙali ya tambaye shi ko yana da suka. Kin san mijin nawa, ko kaza ba ya iya kora. Shi da bakinsa ya gaya mini, ya dubi Gervais, ya dubi ƙasa, wai, "Ranka ya daɗe, igiyarsa dai tana da ƙwari." Magatakarda ya rubuta babu suka.

Sai aka karanta. Ashe lalle Gervais ya gan shi a rumbun, amma niƙi-niƙi da guga biyu na ruwa, bayan wuta ta riga ta kama. Alƙali ya ce tunda ba a soki mai shaida ba, maganarsa ta zauna daram. Da ya bi tawa, da mun rushe ta da hannunmu!

Na gasa burodi mai tuffa na kai wa Gervais. Ya karɓa yana hararata.

"Maijego, gugunan nan fa nawa ne. Har yau ban gan su ba."

Yaya, taso ki ga jaririyar, hancin ubanta ne sak.