Bel ɗin Babur a Cikin Kula

Tun ranar da autana Sanda ya shigo da jan babur ɗin nan gidanmu na Old Trafford ban ƙara samun robar wanki mai tsabta ba. Babur ɗin ɗan Italiya ne, irin na gudu. Kyau kam akwai shi, amma ya fi jariri son raino. In aka yi ruwa ya ƙi tashi. In ya kwana biyu a ajiye batir ya mutu. Duk Asabar Sanda na durƙushe a garden ɗin bayan gida, ya juye baƙin mai a robata, ya goge sarƙa da tsohon burushin haƙori, ya duba iskar taya. Ban hana ba. Gara ina hango shi ta tagar kicin da ya tafi inda ban sani ba.

Wurin Bara'u ya saya, ɗan aminin Alhajinmu da ke Sparkhill a Birmingham. Yaron da ya zauna gidana lokacin yana jami'a, ya ci tuwona har da ɗumame. A gabana Sanda ya tambaye shi zancen bel, wata roba ce a cikin inji da ake canzawa ko ana hawan babur ko ba a hawa, don tsufa take yi. Bara'u ya dafa ƙirji ya dube ni.

"Mama, da hannuna na sa sabo. Ko Kano zai kai shi."

A motorway, babban titin da motoci ke sheƙa gudu, bel ɗin ya tsinke. Tayar baya ta ƙame, Sanda ya tafi ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana, motar da ke bayansa ta kauce. Ƙarfe aka sa masa a ƙafa. Har yau a kujera yake salla.

Bara'u bai taka asibiti ba. Waya ya bugo, ina zaune ina ji.

"Ai matsalar gyaran gida ke nan, bro. Irin wannan babur ba a ba ɗan koyo. Ka taɓa abin da ba ka sani ba."

Haka kuma ya riƙa faɗa wa mutane, har maganar ta dawo kunnen Alhaji a masallaci.

Da Sanda ya fara dogarawa, ya sa aka kawo gawar babur ɗin garden. Ya kwance murfi ya zaro bel. Ya bushe ƙayau, duk ya tsattsage kamar faso. Ni da ban san inji ba na san wannan ya daɗe da barin sabo.

"Umma, just leave it," in ji Sanda. "A bar wa Allah."

Na ce to. Na naɗe bel a leda na tura ƙarƙashin zannuwana.

Ban zage shi ba, ban yi masa baki ba, ban kai zancensa gidan kowa ba. Malamarmu ta islamiyya ta ce mai gulma naman ɗan'uwansa yake ci, ni kuwa ba zan ci naman Bara'u ba. Amma ta kuma ce in aka tambaye ki halin mai neman aure, faɗin gaskiya dole ne, ba gulma ba ce. Wannan karatun ya zauna mini daram.

Bayan ƙaramar salla sai ga wayar Hajiya Ramlat ta unguwar Lozells, can Birmingham. Bara'u na neman 'yarta Umaima, ana bincike, an ce mata ni na riƙe shi.

"Hajiya, don Allah ya halin yaron nan?"

"Wannan ba zancen waya ba ne. Ina nan tafe."

Na yi dambun shinkafa na zuba a kula. Na ɗauko wata kular daban, na hau coach, doguwar motar zuwa Birmingham.

A falonta muka zauna, Umaima na gefe da kayan aikinta na nurse. Aka buɗe ta farko, aka sa albarka. Hajiya Ramlat ta buɗe ta biyu ta leƙa.

"Wannan kuma wane irin kilishi ne, Hajiya?"

"Sabon bel ne. Haka Bara'u ya ce mini."

Ban ƙara gishiri ba. Na ce yana salla, yana gaida manya, ban taɓa ganin ya sha wani abu ba. Sannan na faɗi abin da ya ce a kicin ɗina, da abin da ya faru a hanya, da abin da ya ce a waya. Umaima ta ɗauki bel ɗin ta lanƙwasa. Ɓarɓashinsa ya zube mata a cinya.

"Mama, ya je ya duba shi a asibiti?"

"Waya ya yi."

Ta mayar da murfin kular ta tashi ta hau sama.

Ba a yi sati ba Bara'u ya kira ni.

"Mama, an ce kada iyayena su zo. A kan roba za ki ɓata mini aure?"

"Ni tambayata aka yi, ɗan nan. Da ƙarya kake so in yi, wani ya faɗi a hanya?"

Ya fara rantse-rantse. Na ce lokacin la'asar ya yi, na kashe. Na jawo wa Sanda kujerarsa na daidaita masa alƙibla.

Kular dambu Hajiya Ramlat ta aiko mini da ita a wanke. Ta biyun na ce ta riƙe, har da abin ciki. Birmingham da 'yan mata, wani gidan ma zai zo bincike.